BAYAN FAGE: Tsohuwar mota, a gyara ko a sallama?

Wannan watan za mu ɗan huta da zancen wace jaruma ce za ta yi aure da wane furodusa ne ya riƙe wa 'yan wasa haƙƙinsu. Zancen mota za mu yi. Ba kuma dalleliyar nan da kuke gani a fim ba, wadda jarumi ke jingina da ita yana rera wa budurwa waƙa. Ita wannan sau da yawa aro ce ko haya, da darakta ya ce a yanke mai ita zai miƙo hannu a ba shi makullinsa. Wadda nake nufi ita ce ta bayan kyamara, wadda ke kwasar janareta da fitilu da kulolin abinci da mutum bakwai ta kai su lokeshan, ta dawo da su.

A Gusau, duk saurayin da ya fara haɗa shirinsa yana ɗorawa a YouTube, ko yake da shagon tura finafinai a waya, ko yake ɗaukar bidiyon biki, da kuɗi sun ɗan shigo abin da ke fara zuwa ransa mota ce. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, abin da aljihu ke iya kaiwa shi ne Golf 3, ko Peugeot 406, ko Vectra, ko Honda ɗin nan da ake wa laƙabi da EOD. To wata rana sai bakanike ya fito daga ƙarƙashinta, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Maigida, inji fa ya buga." Ko ya ce giya ta tafi. Ya faɗi kuɗin da zai sa ka nemi wurin zama. Daga nan sai majalisa ta rabu biyu: masu cewa gyara abarka, da tsohuwar zuma ake magani, da masu cewa rabu da akwala kafin ta rabu da kai. Wa za ka bi?

Fara da sanin shekarunta

Abu na farko, mu san da wa muke magana. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, kuma kafin shekarar 2000 ya daina. Ke nan ko autarsu ta haura shekara 25, ta girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Peugeot 406 an yi ta a Faransa daga 1995 zuwa 2004. Honda EOD kuwa ta 2003 ce zuwa sama kaɗan. Ita 504 ta iyayenmu tun 1968 ta fito, kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi ta harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa kanikawan Arewa suka san ta kamar yunwar cikinsu.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta yi wannan shekarun dole ta nemi gyara, kuma wannan kaɗai bai isa dalilin sayar da ita ba. Abin dubawa shi ne wane irin ciwo ne, kuma shi kaɗai ne ko yana da 'yan rakiya.

Lissafin da ya canza

A da dattawan gareji suna da wata ƙa'ida: in kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin motar, sallama ta ka sayi wata. Wannan magana ta yi aiki a zamanin da mutum zai tara kuɗinsa ya ba dillali, cikin 'yan makonni a shigo masa da 'yar Kwatano ta Maraɗi ko ta Illela. Amma abubuwa uku sun faru. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar jirgin ruwa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da N200 a farashin gwamnati ta yi ta hawa har ta haura N1,000 a wurare da dama cikin 2024. Sannan a watan Yunin 2023 aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen N460 ta wuce N1,500 a 2024.

Me wannan ya jawo? Motar da za ka maye gurbin taka da ita ta yi tsada, ita ma taka ta yi daraja ko a kwance take, sannan kayan gyaran ma sun tashi tunda da Dala ake shigo da su. Saboda haka kwatanta kuɗin gyara da abin da ka sayi motar shekara biyar baya ɓata lokaci ne. Ga yadda ya kamata ka buga lissafin.

Ɗauki takarda. Rubuta abin da dillali zai taya motar a yadda take yanzu, da ciwonta. Ƙasa da shi rubuta kuɗin gyaran duka, har da kuɗin aiki da bakin mai da kuɗin motar zuwa sayen kaya. Haɗa biyun. Wannan jimlar ita ce ainihin abin da ke hannunka in ka ce sayarwa za ka yi. Sai ka shiga wurin masu sayar da motoci ka tambayi kanka: wannan kuɗin wace mota zai saya mini?

Bari in ba da misali, lambobin nawa ne na kwatance, kai sai ka sa naka. A ce an taya motarka N900,000 da injinta a buge, gyara kuma zai ci N1,000,000. Jimla N1,900,000. In ka zaga ka ga abin da wannan kuɗin zai saya wata akwalar ce sa'ar taka, wadda ba ka san tarihinta ba, ba ka san abin da aka lulluɓe da sabon fenti ba, to gyara taka ya fi. Aƙalla ita ka san inda take tari. Amma a ce da aka bincika sosai sai ga giya ma tana neman tafiya, ƙafafu sun saki, waya ta rikice, lissafi ya tashi N1,800,000. Jimla ta koma N2,700,000. In wannan kuɗin zai ba ka mai lafiya wadda ta fi taka ƙuruciya, to me kake jira?

Lissafi na biyu shi ne na watanni. Tambayi bakanikenka tsakaninsa da Allah: bayan wannan aikin, wata nawa za ta yi ba ta nemi wani babban gyara ba? In miliyan ɗayar nan za ta ba ka shekara 2 lafiya, ka ga kusan N42,000 ke nan a wata. In wata 6 kawai za ta ba ka, ya zama wajen N167,000 a wata. Da wannan kuɗin ai gara ka riƙa ɗaukar shatar mota duk ranar da kake da lokeshan, sauran ranakun ka hau Keke Napep abinka.

Ciwon da ke warkewa da wanda ba ya warkewa

Inji, duk da shi ne ya fi tsorata mutane, ciwo ne mai magani. Ana sauke shi a ɗora wani. Haka giya. Abin da ba shi da magani shi ne ƙashin motar. In tsatsa ta cinye ƙasan bodi, ko wurin da shokozoba ke zama ya ruɓe, ko ta taɓa yin mummunan hatsari shasi ya karkace har tana tafiya a kaikaice kamar kaguwa tana cin taya gefe ɗaya, to ko sabon inji dal ka sa mata zuba ruwa a kwando ne. Mai walda zai liƙa maka, amma liƙi ba ya maido da ƙarfin ƙarfe. Don haka kafin ka sayi ko kusa ɗaya, a ɗora ta a kan rami, ka shiga da kanka da tocila ka duba. Kada ƙyamar bakin mai ta hana ka.

Shi ma injin, a tabbata ya mutu kafin a yi masa jana'iza. Hayaƙi kala uku ne, kowanne da labarinsa. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa a wurin ƙonewa, sau da yawa nozul ne ko matatar iska ko wata 'yar na'ura, gyaran ba ya kai ga sauke inji. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana ƙona bakin mai, galibi ring ya cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa, ga bakin mai ya koma kamar shayi da madara, wannan gasket ɗin sama ne ya ƙone. In kuwa kana jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga can ƙasa, metal ne, kashe ta nan take kada ka ƙara ko mita ɗaya.

Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin da ake jona kwamfuta ta faɗi abin da ke damunsu, na Turai masu fetur ma daga 2001 haka. In taka na cikinsu, biya kuɗin kwamfutar kafin ka yarda da canke. Kuma ka ji ta bakin bakanike na biyu wanda ba shi zai yi aikin ba. Ba zargin kowa nake ba, amma ko a asibiti in aka ce tiyata mutum kan so ya ji ta bakin wani likitan.

Sai babbar tambayar da mutane ke mantawa: me ya kashe injin farko? In zafi ne ya kashe shi saboda lagireto ya toshe ko fanka ba ta tashi, ka ɗora wani ba ka gyara wannan ba, to ka sayo wa lagireton sabon abinci ne kawai. Haka ɗabi'ar nan ta zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, tana sa tsatsa ta toshe hanyoyin ruwa a hankali. Haka jinkirta juyen bakin mai har sai ya koma kamar kwalta. Duk wanda zai ɗora inji, lissafinsa ya haɗa da lagireto da famfon ruwa da bel.

A buɗe shi ko a ɗora ɗan Beljiyam?

Nan ma majalisa kan rabu. Buɗe inji a sa ring da metal ya fi sauƙin kuɗi, amma yana bukatar abu biyu da ba kullum ake samunsu tare ba: kaya masu kyau da hannu mai kyau. In silinda ta riga ta cinye aka sa sabon ring haka nan ba a kai wa masu injin gyara ta ba, wata kaɗan hayaƙin zai dawo. Ɗan Beljiyam kuwa, wato injin da aka ciro daga wata motar a Turai ko wani wuri, in ka dace ka huta, amma ka tuna shi ma tsoho ne. Injin Golf 3 da za ka saya yau sa'an wanda ya mutu ne.

In ka yanke shawarar ɗan Beljiyam, mafi yawa dai sai an dangana da Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, wasu har Ladipo a Legas. Ka tafi da bakanikenka, kada ka yi aike. A buɗe murfin bakin mai a leƙa, a cire fulogi a duba. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a jikin rasit, a kuma rubuta lambar injin. Wannan lambar ba wasa ba ce: takardun motarka na ɗauke da lambar tsohon inji, in ba ka je ofishin lasin an gyara ba, wata rana a shingen bincike za ka yi bayanin da ba ka shirya ba, ranar sayarwa kuma mai saye ya sami abin karya maka farashi.

Abin da takarda ba ta nunawa

Duk abin da na faɗa a sama, mutumin Kano ko na Zariya ma zai iya amfani da shi. Amma mu nan Zamfara akwai wani layi a lissafin da ya fi sauran nauyi. A wani wurin in mota ta mutu a hanya, asararka kuɗin janwe ne da ɓacin rana. A nan fa?

Duk wanda zai fita Gusau zuwa Funtuwa, Zariya, Kaduna ko Kano, ta Kwatarkwashi da Tsafe zai bi, ya wuce su Magazu da Kucheri da Wanzamai kafin ya faɗa Jihar Katsina ta Yankara. Wanda zai yi Sakkwato kuma ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara. Babu mai karanta wannan shafi daga yankin nan da yake bukatar in yi masa bayanin abin da 'yan bindiga suka yi ta aikatawa a kan waɗannan hanyoyi a 'yan shekarun nan, ko dalilin da ya sa direbobi ke ƙoƙarin wuce wasu wuraren tun rana na sama. Mun kuma ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka hana sayar da mai a jarka. Wanda motarsa ta tsaya a daji a wancan lokacin ko bakanike ba shi da halin kira.

Saboda haka tambayar da za ta raba gardama ita ce: bayan an gama wannan gyaran, zan iya ɗaukar mahaifiyata, ko matata da yara, ko 'yan wasa biyar da iyayensu suka ba ni amana, in bi hanyar Tsafe da la'asar hankalina kwance? In amsar e ce, gyaran ya ci kuɗinsa ko da ya yi tsada. In ka ji zuciyarka ta yi jim, to ko an gyara, ka san matsayinta: motar cikin gari ce, daga Tudun Wada zuwa Samaru, daga Sabon Gari zuwa Damba, iyaka. Kuma motar cikin gari ba ta cancanci a narka mata kuɗin motar tafiya ba.

A nan ne ma nake ganin samari na juya lissafi. Za a kashe kuɗi a fenti da rim da bakin gilashi da sifika mai girgiza unguwa, amma birki na ƙara, taya ta yi sanƙo, ƙafar gaba na ƙwas-ƙwas in an shiga rami. Wallahi wannan ganganci ne. Duba gefen tayarka, akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha gargaɗi kan tsofaffin tayoyi, kuma zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba ya raga wa tsohuwar roba ko da zanenta bai goge ba. Birki, taya, sitiyari, ƙafafun gaba da fitila, waɗannan ba a sa su a layin "sai an samu kuɗi". In kuɗinka ba zai kai ga inji da su gaba ɗaya ba, to bai kai ga gyaran motar ba.

Masana'antar fim ta san zafin hanya. Mun rasa Balaraba Muhammad a hatsarin mota a 2003, mun rasa Ahmad S. Nuhu ranar 1 ga Janairu, 2007. Allah ya jiƙansu da rahama. Na ambace su ne don tunatarwa cewa kwalta ba ta san tauraro ba, balle ni da kai.

"Ai na riga na kashe mata da yawa"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace tsiyata masu tsohuwar mota. Bara ka sa giya, watan jiya ka yi fenti, yanzu ga inji, sai ka ce in na sayar duk waɗancan kuɗin sun tafi a banza. Ɗan'uwa, sun riga sun tafi, ko ka sayar ko ka riƙe. Kamar furodusan da ya ga labarin fim ɗinsa ya karye tun a tsakiya, maimakon ya tsaya sai ya ce a ƙara waƙa biyu tunda an riga an kashe kuɗi. Waƙar ba ta ɗinke labarin, bashi kawai take ƙarawa. Kuɗin da za ka duba su ne waɗanda ba su fita daga aljihunka ba tukuna.

Haka kuma a duba daga ina kuɗin gyaran za su fito. In motar ita ce ke kawo abinci, kana jigila da ita ko kana kai kayan aiki wurin biki, gyaranta jari ne, za ta biya kanta. In kuwa ta zuwa zance ce da ɗaukar hoto, sannan sai ka sayar da kyamararka ko kwamfutar da kake tace hoto da ita kafin ka tashe ta, to ka yanka saniyar tatsa ne don ka sayi akushi. Ajiye ta, ko ka sallama ta.

In sayarwar ce

To ka sayar da mutunci. Faɗa wa mai saye ciwonta. Dabarar nan ta zuba bakin mai mai kauri don ƙwanƙwasa ta lafa na kwana biyu, ko wanke inji fes don kada a ga inda yake yoyo, ha'inci ne, kuma wanda ka cuta ɗin wataƙila hanyar Bunguɗu zai bi da iyalinsa. Sau da yawa ma bakanike ko direban haya da ya san kan irin motar zai saye ta a yadda take, don shi gyaran ba zai ci masa abin da zai ci maka ba. Ka tambayi farashi wurin dillali fiye da ɗaya, ka san la'adarsa tun farko, ku rubuta takardar ciniki da shaidu, a kuma canza sunan mai mota a takardu don kada wani ya yi ɓarna da ita a zo ana neman ka. In ta wuce gyara gaba ɗaya, masu sayen kayan mota ɗaiɗai da 'yan gwangwan suna nan, ko banza ka sami na ƙara wa jari.

A taƙaice dai jama'a: bodi da shasi lafiya, ciwo ɗaya ne sananne, an gano abin da ya jawo shi, kayanta na samuwa, kuɗin ba na cin bashi ba ne, kuma bayan gyara za ka yarda da ita a doguwar hanya, to bismillah, gyara abarka. In biyu daga cikin waɗannan suka faɗi, yi mata godiya ka miƙa makulli. Hawa motar haya bai taɓa rage wa kowa daraja ba, manyan jaruman da kuke gani da yawansu a bayan acaɓa suka fara zuwa lokeshan.

Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara, musamman 'yan'uwanmu kanikawa da direbobin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, ƙofa a buɗe take, a rubuto mana. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.